SHARHI: Awa Ɗaya, Jigo Ɗaya: Darasi Daga Rediyon Bob Dylan

Na san wani zai buɗe wannan shafi ya ce, "To, shi kuma wannan me ya kai shi rediyo? Ba da sharhin fim muka san shi ba?" Gaskiyarka, mai karatu. Amma ka yi mini uzuri, domin fim ne ya kai ni. Bayan na kalli A Complete Unknown, fim ɗin da darakta James Mangold ya fitar a 2024 kan ƙuruciyar mawaƙin Amurka Bob Dylan, inda Timothée Chalamet ya fito a matsayinsa, sai na shiga intanet ina lalube in ji waƙoƙin mutumin da kunnena. Ina cikin haka na yi tuntuɓe da abin da ban je nema ba: wani tsohon shirin rediyo da ya taɓa gabatarwa mai suna Theme Time Radio Hour, wato awa guda ta waƙoƙi a kan jigo guda. Masoyansa sun adana shirin kaf. Na ce bari in ɗanɗana ɗaya in wuce. Yau wata uku ke nan ban wuce ba, aljihuna ma ya ji a jikinsa wajen sayen data.

Lokacin da aka fara watsa shirin ina ɗan firamare, don haka ba zan yi muku ƙaryar na saurare shi da ɗuminsa ba. Amma yanzu na saurari fiye da rabinsa, na kuma bi sawun wasu shirye-shiryen irinsa, waɗanda aikinsu shi ne tono waƙoƙin da ba kowa ya sani ba, su haɗa su wuri ɗaya. Abin da na fahimta shi ne, mai gabatar da irin wannan shiri edita ne, aikinsu ɗaya da mai tace fim. Kuma aiki ne da gidajen rediyonmu suke da kayan yinsa jibge, amma ba su cika yi ba.

YADDA SHIRIN YAKE

An fara watsa shi ranar 3 ga Mayu, 2006, a tashar XM, wata rediyon tauraron ɗan'adam ta Amurka wadda sai ka biya kuɗi kake kamawa. Daga baya BBC ta riƙa maimaita shi a Ingila. An yi zango uku: na farko shiri 50, na biyu 25, na uku 25, jimla 100 cif. An rufe a watan Afrilu na 2009 da shirin da jigonsa shi ne ban kwana. A 2020 ya ɗan leƙo da shiri guda na musamman.

Tsarin ba shi da wani sarƙaƙiya. Kowane mako za a ɗauki kalma ɗaya: uwa, uba, aure, saki, kurkuku, gahawa, mota, jirgin ƙasa, takalmi, gashi, hawaye, dariya, kuɗi, wawaye, karnuka, Shaiɗan. Sai a shiga rumbun faya-fayai a zaƙulo duk waƙar da ta taɓa wannan kalma, ko ta wace shekara ce, ko wane irin kiɗa ne, ko an san mai ita ko ba a sani ba. Za ka ji waƙar da aka ɗauka zamanin garmaho, tana ƙuƙuƙu da ƙarar allura, ta biyo bayan waƙar gambarar zamani. A shirin uwa, alal misali, har waƙar LL Cool J sai da ya saka a tsakanin na tsofaffin mawaƙan karkara.

Shirin yana buɗewa ne kamar fim. Muryar jaruma Ellen Barkin, wadda ta fito tare da Al Pacino a Sea of Love na 1989, ita ke fara zayyana dare a wani babban birni, ta ba ka hoto biyu ko uku na mutanen da barci ya ƙaurace wa idonsu. Ka rantse farkon tsohon fim ɗin 'yan sandan ciki ne mai baƙi da fari. Sannan Dylan ya shigo da dusasshiyar muryar nan tasa. Kafin kowace waƙa ko bayanta zai gaya maka wane ne mawaƙin, ina aka haife shi, me ya faru da shi, yaya ya ƙare. Wani lokaci ya karanto baitin wani tsohon sha'iri, wani lokaci ya yi barkwanci irin na kakanni, wani lokaci ma ya koya maka wani girki. Abin da ya fi burge ni: mutumin da ya ci kyautar Oska a 2001, ya zo ya ci ta Nobel ta adabi a 2016, bai mai da shirin dandalin tallar waƙoƙinsa ba. Na wasu yake sakawa. Ku kwatanta da abin da zai faru in aka ba wani mawaƙinmu awa guda kowane mako!

SHIRIN FARKO: RANA, RUWA DA ISKA

Bari mu ɗauki shirin farko mu fede shi, domin duk dabarar tana ciki. Jigonsa yanayin sama ne: rana, ruwa, iska, hadari.

Ya buɗe da Muddy Waters, baƙar fata ɗan Misisifi, sarkin kiɗan buluz na birnin Shikago, yana waƙar iska. Yana gamawa sai ga Jimmie Davis da waƙarsa ta hasken rana. Shi wannan Davis farar fata ne, mawaƙin karkara wanda ya yi gwamnan jihar Luwiziyana sau biyu, kuma a mulkinsa na biyu, daga 1960 zuwa 1964, yana cikin masu kare wariyar launin fata. A zamaninsu, waɗannan mutum biyu ko a kanti ba a ajiye faya-fayansu a kanta ɗaya. Na baƙaƙe daban, na farare daban, tashoshin da ke saka su ma daban. Ga su nan kafaɗa da kafaɗa, ba tare da mai gabatarwa ya yi wa kowa wa'azi ba. Sama ɗaya ce ta rufe su, shi ke nan.

Can gaba kaɗan sai ga wata ƙungiya da ban taɓa jin sunanta ba, Prisonaires. Fursunoni ne su biyar a babban kurkukun jihar Tenesi. Jagoransu, Johnny Bragg, tun yana matashi aka yanke masa ɗaurin da ya fi tsawon rayuwar ɗan'adam. A 1953 aka ɗauko su da masu gadi riƙe da bindiga zuwa sitidiyon Sun da ke Memfis, wurin da Elvis Presley zai fitar da faifansa na farko shekara guda bayan haka, suka rera waƙa kan tafiya cikin ruwan sama. Jama'a, ku duba fa: mutanen da ko ƙofar gidan yari ba su da ikon tsallakewa su ne ke waƙar yawo cikin ruwa. Da a ce haka kawai aka saka mini waƙar, da na ce wata tsohuwar waƙar soyayya ce mai sanyi, in wuce. Da na san labarin, wallahi sai da na dakatar da shirin na yi shiru.

Daga nan aka bi ta kan Jimi Hendrix da jitarsa, da Judy Garland ta finafinan Holiwud, da Frank Sinatra, da mawaƙan coci. A tsakiyarsu sai ga Lord Beginner, mawaƙin kalifso ɗan Tirinidad, yana ba da labarin guguwar da ta afka wa Jamaika a 1951, tamkar mai karanta labarai da kiɗa. Ko a nan kaɗai wanda ya saba da mawaƙanmu na gargajiya zai ji wani abu ya motsa masa, domin mu ma mun san mawaƙi a matsayin jaridar jama'a.

ME YA SA DABARAR KE CI?

Duk wanda ya ɗan leƙa littattafan koyon fim ya san gwajin da wani Barashe mai suna Lev Kuleshov ya yi kimanin shekara ɗari da suka wuce. Ya ɗauki hoton fuskar wani jarumi, fuska ɗaya ba ta canza ba. Ya liƙa ta da hoton kwanon miya, 'yan kallo suka ce yunwa yake ji. Ya liƙa ta da hoton yarinya a cikin akwatin gawa, suka ce baƙin ciki ya cika shi. Ya liƙa ta da hoton wata mata a kishingiɗe, suka ce sha'awa ce. Wato ma'anar hoto tana fitowa ne daga abin da aka ajiye kusa da shi. A kan wannan aka gina sana'ar tace fim gaba ɗaya.

To, haka kunne yake. Ɗan'adam ba ya son baƙon kiɗa. In ka murɗa rediyo ka ji abin da ba ka saba da shi ba, cikin daƙiƙa goma hannunka ya kai kan maɓalli. Jigo shi ne ke riƙe hannun nan. Da zarar an ce maka yau kan uwa za a yi, ka samu abin kamawa, domin kai ma kana da uwa. Baƙuwar waƙa ta zo, ba ka tambayar "wannan wane irin kiɗa ne?" Abin da kake tambaya shi ne "shi kuma wannan me zai ce game da tasa uwar?" Kafin ka ankara ka saurari waƙar minti uku da ba za ka taɓa nema da kanka ba. Tsintsiya ce, jigo ne maɗaurinta.

Sai kuma jeri. Dylan da abokan aikinsa sun san a ajiye sananniya kusa da wadda ba a sani ba, domin ta farko ta yi wa ta biyu jagora. Sun san a bi mai nauyi da mai ban dariya don zuciya ta huta. Wannan shi ne abin da muke roƙon editocin finafinanmu kullum: kada a jera fitowar kuka uku a jere, kada a jefo waƙa a inda labari bai kira ta ba.

Manhajojin waƙa na wayoyinmu akasin haka suke yi. Ka saurari waƙa ɗaya, su kawo maka goma masu kama da ita. Na'ura tana ba ka abin da ta ga kana so ne. Mai gabatarwa nagari kuwa yana ba ka abin da ba ka san za ka so ba.

BA SHI YA FARA BA

Kada a ɗauka Dylan ne ya ƙirƙiro wannan. Shi kansa ya tashi ne a wani ƙaramin gari mai sanyi a jihar Minesota, yana kama tashoshin kudancin Amurka masu nisa da tsakar dare. Shirinsa gaisuwa ce ga waɗancan masu gabatarwa.

A Ingila akwai John Peel, wanda ya yi aiki a tashar Radio 1 ta BBC daga 1967 har rasuwarsa a ƙasar Peru a watan Oktoba na 2004. Shi ba ya amfani da jigo. Amana ce kawai tsakaninsa da masu sauraro: in ya saka, to akwai dalili. Ya saka rege lokacin da wasu Turawa ke aiko masa da wasiƙun zagi saboda haka. Ya saka Bhundu Boys na Zimbabuwe a tashar da matasan Ingila ke saurare. Yakan gayyato ƙananan mawaƙa su ɗauki waƙa a sitidiyon BBC, har aka tara irin wannan ɗauka sama da 4,000. Yakan yi kuskure ya saka faifai a gudun da ba nasa ba, ya yi dariya ya gyara, masu sauraro suna ƙara sonsa. Akwai kuma Charlie Gillett, wanda masu kama sashen Ingilishi na BBC a nan Afirka za su iya tunawa da shirinsa na kiɗe-kiɗen ƙasashe, har zuwa rasuwarsa a 2010. A 1999 tashar Radio 3 ta fara Late Junction, shirin dare da za ka ji waƙar coci ta shekaru ɗaruruwa ta biyo bayan kiɗan makiyayan wata nahiya. A 2011 wani matashi ɗan asalin Nijeriya, Femi Adeyemi, ya kafa tashar intanet ta NTS a Landan, wadda ta ginu kacokan a kan irin wannan tono.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne Leo Sarkisian na Muryar Amurka. A 1965 ya fara shirin Music Time in Africa, bayan ya yi shekaru yana yawo a ƙasashen Afirka da na'urar ɗaukar murya. Ya kan ɗauki ƙasa ɗaya ko al'umma ɗaya ya yi shiri a kanta, ta yadda mutumin Gana zai ji kiɗan Habasha, na Kamaru ya ji na Mali. Ya yi ritaya a 2012, ya rasu a 2018 yana da shekara 97. Jami'ar Mishigan ce ta ɗauki nauyin mai da kaset-kaset ɗinsa zuwa na kwamfuta. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

INDA SHIRIN YA GAZA

Sharhi ba yabo ba ne zalla, kuma ba a rasa nono a ruga. Akwai abubuwa huɗu da suka tsaya mini a rai.

Na farko, jigon yakan zama na fatar baki. Wata waƙar ba abin da ya kawo ta sai don kalmar ta fito a sunanta. A shirye-shirye masu ƙarfi, kamar na kurkuku ko na uwa, waƙoƙin suna magana da juna. A masu rauni kuwa jeri ne kawai, kamar fim ɗin da aka tara jarumai goma aka manta da labari. A zango na uku na fi jin wannan gajiyar.

Na biyu, duk da sunan da shirin ya yi na faɗi, duniyarsa Amurka ce, musamman Amurkar 1930 zuwa 1970. Akan ɗan leƙa Jamaika ko Tirinidad ko Ingila, amma Afirka da Asiya kusan babu su. Faɗinsa na shekaru ne, ba na ƙasashe ba.

Na uku, an cakuɗa gaskiya da wasa. Ginin da ake cewa daga nan ake watsa shirin babu shi a duniya, ƙirƙira ce. Da yawa daga wasiƙun da yake amsawa ma shiryawa aka yi. A matsayin wasan kwaikwayo abin yana da daɗi. Amma mai sauraron da ya zo neman ilimi ba koyaushe zai gane inda tarihi ya ƙare barkwanci ya fara ba. Kuma akwai batun haƙƙi: furodusan shirin, Eddie Gorodetsky, marubucin wasannin barkwanci na talabijin, mutum ne mai tarin faya-fayai na ban mamaki, kuma daga rumbunsa aka ɗebo da yawan abin da muke ji. Amma sunan wa ake kira? Na Dylan. Mu 'yan fim mun san wannan ciwo: jarumi ya kwashe tafi, marubucin labari ko a fosta ba a ganin sunansa.

Na huɗu ya fi girma, kuma ya shafi duk irin waɗannan shirye-shirye, ba na Dylan kaɗai ba. Idan an ce waƙa "ba a san ta ba", wa ye bai san ta ba? A 1987 wasu masu kamfanonin faifai suka zauna a Landan suka amince da laƙabin da ke nufin "kiɗan duniya", don masu kanti su san inda za su ajiye duk abin da ba na Turawa ba. Sai ga mai kora na Mali da mai tabla na Indiya da mai sarewa na Peru a kwando ɗaya, ba abin da ya haɗa su sai baƙunta a kunnen Bature.

Mu ma muna cikin kwandon. A 2013 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley da ke Amurka ya fitar da faifai mai suna Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin da ke tashi a kowane shagon caji da kowace motar haya a Kano, a can sun zama abin mamaki da masu tono ke alfahari da samu. A shekarar dai kamfanin ya sake fitar da kiɗan ogan na Mamman Sani na Nijar, wanda aka ɗauka tun 1978. Mutanen Nijar sun shekara da shekaru suna jin wannan kiɗa a tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasarsu. Kirkley ya ci karo da kaset ɗin ne a ma'ajiyar gidan tarihi na Yamai, daga nan Mamman Sani ya fara zuwa wasa Turai.

Ban ga laifin Kirkley ba, ya yi abin da mu ba mu yi ba. Amma akwai asara a ciki. Mai gabatarwa a Landan zai iya saka waƙar Hausa ya yaba zaƙin murya da kiɗa, amma ba ya jin abin da ake faɗa. Ba zai iya saka ta a ƙarƙashin jigo ba, domin jigo a cikin magana yake. Ka raba Shata da maganarsa, me ya rage? Kalangu mai daɗi, amma rabin mutumin ya tafi. Ƙarfin shirin Dylan shi ne yana jin kowace kalma ta waƙoƙin da yake sakawa, ya san habaicin, ya san wa ake yi wa. Wannan aiki, game da waƙoƙinmu, babu mai iya yi mana shi daga waje.

TO, MU FA?

Ba na cewa gidajen rediyonmu ba sa saka waƙoƙin gargajiya. Suna sakawa, kuma akwai tsofaffin ma'aikata da suka san su ciki da bai, Allah ya saka masu da alheri. Amma mu faɗi gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi: a mafi yawan shirye-shirye waƙa cikon lokaci ce. Ko dai zaɓi-sonka ne, inda ake rage muryar mawaƙi kowane rabin minti don a gai da wane da wance da duk 'yan layinsu, ko kuma sabuwar waƙar da ke tashe ce ake maimaitawa har ta gundure ka. Zaɓi-sonka yana da amfaninsa, ya haɗa zumunci shekara da shekaru. Sai dai mai zaɓe ba ya zaɓen abin da bai taɓa ji ba.

Kwanakin baya na ji wata tsohuwar waƙar gurmi a wata tasha, ta kama ni ƙwarai. Aka gama ba a faɗi mai ita ba. Washegari na taka har tashar, na samu matashin da ya gabatar da shirin, na ce, "Malam, don Allah waƙar nan ta jiya ta wace ce?" Ya ce, "Wallahi yallaɓai, a kwamfuta na gan ta, an rubuta 'tsohuwa 14'." Ban ga laifinsa ba, haka ya tarar. Amma ku duba: wani bawan Allah ya ƙare rayuwarsa a kan gurmin nan, yau sunansa ya koma lamba.

Yanzu ku yi tunanin awa guda, daren Juma'a, jigo ɗaya. A ce mota: a saka waƙar karen mota ta Ɗan Maraya Jos, a bi ta da waƙoƙin da Shata ya yi wa direbobi, a kawo ta fim ɗin da saurayi ke yaudarar budurwa da motar aro, a rufe da wata daga Kongo ko Indiya, a fassara mana abin da take cewa. A ce kishiya: ga Barmani Choge da ƙwaryarta, ga finafinanmu da ba su da jigon da ya fi wannan, ga littattafan marubutanmu mata da za a iya karanto shafi guda daga ciki. A ce noma: ga Ɗanƙwairo, wanda da waƙoƙin noma ya fara kafin na sarauta. A ce sata da kurkuku: a ajiye Gambo mai waƙar ɓarayi kusa da fursunonin nan na Tenesi, a bar mai sauraro ya yi nasa hukuncin. A ce dambe: ga Ɗan Anace. Kowace waƙa a faɗi mai ita, garinsa, kayan kiɗansa, wa ya yi wa, me ya sa. Kuma a bar ta ta kai ƙarshe ba a katse ta da gaisuwa ba.

Wani zai ce jigogin Dylan, irin su giya, ba su dace da mu ba. Haka ne, kuma ba wanda ya ce a kwafo jerinsa. Dabarar za a ɗauka, kayan namu ne.

Abin ya shafi fim kai tsaye. Kullum muna kukan waƙoƙin finafinanmu sun zama ɗaya: fiyano ɗaya, kari ɗaya, murya ɗaya da na'ura ta gyara. To, yaron da ke sitidiyo me ya taɓa ji? Abin da kunne ya sha shi hannu ke bugawa. In bai taɓa jin kukuma ko garaya ko kotso an saka su da daraja ba, an yi masa bayaninsu, ta yaya za su shigo cikin kiɗansa? Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an san inda aka ajiye tulun.

Kuma kada mu ɗauka lokaci yana jiranmu. Ko a ƙasashen da ke da kuɗi, irin waɗannan shirye-shirye su ake fara yankewa. A 2019 BBC ta rage Late Junction daga dare uku a mako zuwa dare ɗaya, duk da wasiƙar ƙorafi da mawaƙa da masana sama da 500 suka sa wa hannu. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da aikin Muryar Amurka, masu sauraron sashen Hausa suka wayi gari babu shirye-shiryen da suka saba ji. Abin da ya tsirar da aikin Sarkisian shi ne an riga an kwafe shi an adana. Namu kaset-kaset ɗin da ke ɗakunan ajiyar tashoshi, cikin zafi da ƙura, wa ke kwafe su? Shata ya rasu a 1999, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Waɗanda suka zauna da su, suka san labarin kowace waƙa, su ma tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya.

Shirin da nake magana ba ya buƙatar kuɗin fim ko guda. Yana buƙatar mutum ɗaya mai kunne, mai haƙurin bincike, da manajan tasha da zai ba shi awa guda ya ƙyale shi. Ga mai jin Ingilishi, ina ba shi shawarar ya nemi Theme Time Radio Hour, ya fara da shirin yanayin sama ko na kurkuku, ya saurara da kunnen edita. Ga ma'aikatan rediyonmu kuwa, ina roƙon wani a cikinku ya gwada ko da na wata uku ne. In an fara, a sanar da mu a wannan mujalla. Ni ne zan fara sauraro, kuma ni ne zan fara yi masa sharhi, ba sani ba sabo.

Allah ya ba mu sa'a.